Albert Einstein, Akawun Da Ya Bi Sawun Haske

An haifi Albert Einstein ran 14 ga watan Maris, 1879, a wani gari wai shi Ulm, cikin ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne masu matsakaicin hali. Ubansa, Hermann, shi da ƙanensa suka yi sana'ar kayan lantarki a birnin Munik, amma ciniki bai yi albarka ba, har a 1894 suka kwashe suka koma Italiya. Aka bar yaron a makaranta. Shi kuwa ba ya shiri da horon wurin, na hadda da tsawa, saboda haka ba a daɗe ba ya tattara littattafansa ya bi iyayensa.

A 1895 ya zauna jarrabawar shiga babbar makarantar fasaha ta Zurik, a ƙasar Suwizalan, yana ɗan shekara 16. Ya ci lissafi da kimiyya da kyau, ya faɗi sauran fannoni. A nan ya kamata malamai su daina faɗa wa yara wai Einstein daƙiƙi ne wajen lissafi. Zancen ba shi da tushe, kuma malalata kaɗai ya ke yi wa daɗi.

Aka tura shi wata makaranta a garin Aarau ya ƙara shekara guda. Can ne wata tambaya ta faɗo masa, wadda ya yi shekara goma yana juya ta. Tambayar ita ce, in da mutum zai iya bin haske a guje har ya jera da shi, me zai gani?

Kowa ya san in mahaya biyu suka fito daga Kusada a sukuwane, dawakinsu na gudu ɗaya, kowannensu zai ga ɗan'uwansa kamar a tsaye ya ke kusa da shi. Haka kuma in mato ta tashi daga Kankiya ta nufi Katsina tana mil 30 a awa, yaron mato ya jefa dutse gaba da ƙarfin mil 20 a awa, wanda ke tsaye bakin hanya zai ga dutsen yana mil 50. Gudu kan ƙaru bisa gudu, ko ya ragu. To, ashe wanda ya jera da haske sai ya gan shi a daskare ke nan. Amma lissafin Maxwell, wani masani na ƙasar Sikotilan, ya nuna haske igiya ce mai kaɗawa, ba ta da hali sai tafiya, kuma gudunta ƙayyadadde ne, mil 186,000 cikin sakan ɗaya. Watau kafin a ƙifta ido ya je Katsina daga Kano ya komo sau ɗaruruwa. Har ila yau a 1887 waɗansu Amurkawa biyu, Michelson da Morley, sun nemi bambancin gudun haske gwargwadon inda duniya ta dosa, ba su sami kome ba.

Einstein ya shiga makarantar Zurik a 1896, ya fito a 1900 da takardar shaidar malanta. Ya rubuta takardun neman aiki ko'ina, ba wanda ya kula shi, sai ɗan riƙon aji na wata biyu ko uku. Sai a 1902, da taimakon uban wani abokinsa, ya sami aiki a birnin Bern, a ofishin da ke rajistar sababbin ƙere-ƙere. Aka sa shi a daraja ta uku, albashinsa faran 3,500 a shekara. Aikin teburi ne, irin na akawu, a kawo takarda ya duba ko na'urar da aka zana za ta yi aiki, ya rubuta hukunci. Ya yi aure a 1903. Nazarinsa kuwa sai bayan an tashi daga ofis.

Cikin watan Yuni, 1905, ya aika da amsar tambayarsa ga wata mujallar masana ta Jamus. Ya nuna ba mai iya cim ma haske. In direban maton nan ya kunna fitila, shi da na bakin hanya duk gudu ɗaya za su auna wa hasken, ko da maton na cin mil 100,000 a sakan. Kowane ɗan makaranta ya san gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Idan mai tafiya da na tsaye suka sami amsa ɗaya, lalle ne milinsu da sakan ɗinsu ba ɗaya ba ne. Masana da dama sun zo bakin wannan magana suka ja da baya. Shi ya yarda da ita, ya bi ta har ƙarshe. Wanda ke gudun mil 161,000 a sakan, in agogonmu ya ci awa biyu, za mu ga nasa ya ci awa ɗaya tak. Shi kuwa ba zai ji wani sauyi a jikinsa ba, hasali ma namu agogon zai ga yana nawa. Wannan ita ake kira ƙa'idar dangantaka.

Abin da idon irin wannan matafiyi zai gani ma ya lissafta shi cikin takardar. Da damina ruwa na sauka tsaye, amma mai keke a fuska ya ke dukansa. Haka hasken taurari, sai matafiyin ya ga sun taru gabansa sun yi cincirindo, bayansa ya yi duhu. Kuma kamar yadda ƙahon mato kan yi tsini in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce, haka taurarin gaba za su koma shuɗi su ƙara ƙarfi, na baya su yi ja su dushe. Duk da haka in ya auna gudun hasken, na gaba da na baya, mil 186,000 ɗin nan zai samu.

A watan Satumba na shekarar ya ƙara da cewa nauyin abu da ƙarfin da ke cikinsa asalinsu ɗaya. Bai bar ofis ba sai 1909, sa'an nan ya yi koyarwa a Zurik da Firag, ya zauna Balin a 1914. A 1915 ya faɗaɗa ƙa'idarsa, ya nuna abu mai nauyi kamar rana yana tanƙwara hanyar haske.

Shaidar wannan kusa da mu aka same ta. Ran 29 ga Mayu, 1919, aka yi husufin rana. Wani Baturen Ingila, Arthur Eddington, ya kafa na'urarsa a tsibirin Firinsife, cikin teku kudu da gaɓar Nijeriya, wata ƙungiya kuma ta tafi Sobral a Barazil. Da safe aka yi ta ruwa a tsibirin, sai daf da lokaci gari ya ɗan washe. Cikin hotuna 16 da ya ɗauka biyu kaɗai suka amfanu. Ran 6 ga Nuwamba aka sanar a Landan cewa taurarin da ke gefen rana sun goce daga mazauninsu kamar yadda lissafin ya ce. Abin lura, shekara guda ke nan da gama yaƙi tsakanin Ingila da Jamus. Maganar nawar agogo kuwa an gwada ta a 1971, da aka zagaya duniya da agogai masu tsananin daidaito cikin jiragen sama, suka komo sun saɓa da na ƙasa gwargwadon yadda aka lissafta.

An ba shi kyautar Nobel ta 1921, amma saboda wani bincikensa dabam kan haske. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka ƙwace dukiyarsa, aka ƙone littattafansa, ya koma Princeton a Amurka, bai sake taka Jamus ba. A 1939 ya sa hannu a wasiƙar da ta gargaɗi Shugaba Roosevelt cewa Jamus na iya ƙera bom na atom. Bai yi aikin bom ɗin ba, amma bayan Hiroshima ya yi nadamar sa hannun, ya ƙare rayuwarsa yana kiran a hana irin waɗannan makamai. A 1952 aka yi masa tayin shugabancin Isra'ila, ya ƙi.

Wata babbar jijiyar jini ta fashe a cikinsa cikin Afrilu, 1955. Likitoci suka so yi masa aiki, bai yarda ba. Ya sa aka kawo masa takardun lissafinsa asibiti, ya ci gaba da su. Ya mutu ran 18 ga watan, yana da shekara 76.