Niels Bohr da Ƙwayar Zarra

An haifi Niels Bohr a shekarar 1885 a birnin Kopenhagen, cikin ƙasar Danmak. Ubansa shaihun malami ne a jami'ar garin. Da Bohr ya ƙare karatunsa sai ya tafi Ingila neman ƙarin ilmi. A 1912 ya sauka Mancesta wajen wani babban masani, Ernest Rutherford.

A zamanin nan masana suna binciken ƙwayar zarra, watau ɗan ƙanƙanen abin nan da ido ba ya gani, wanda da irinsa aka gina ruwa da iska da ƙarfe da jikin mutum. Rutherford ya riga ya gano akwai wata 'yar cibiya mai nauyi a tsakiyarta, wasu 'yan ƙwayoyin lantarki kuwa, waɗanda a ke kira elektaron, suna kewaya ta.

Amma fa da sauran magana. Bisa ga ilmin da aka sani a lokacin, in elektaron na kewaya cibiya, ƙarfinsa zai yi ta raguwa har ya faɗa cikinta kafin ƙiftawar ido. Da haka ne kuwa, da babu abin da zai tsaya a duniya, ko dutse ko itace.

Bohr ya yi ta tunani, har a 1913 ya kawo amsa. Ya nuna elektaron ba ya bin inda ya ga dama, yana da hanyoyi ƙayyadaddu. Misalinsa kamar mai hawa tsani ne, ya kan tsaya a kan wannan mataki ko wancan, ba ya tsayawa tsakaninsu. In ya diro daga hanya ta nesa zuwa ta kusa da cibiya, sai ya fid da haske mai launi guda. Da Bohr ya yi lissafi, sai ya dace da launukan hasken da iskar haidurojin ke bayarwa. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1922.

Daga baya samarin masana suka gane elektaron ba ya bin wata da'ira sosai yadda Bohr ya zana, ko da ya ke maganar matakan nan ta tabbata. Bai yi musun girman kai ba, har ma ya taimake su suka gyara aikinsa.

A 1940 Jamusawa suka mamaye Danmak. Da ya ke uwarsa Bayahudiya ce, a 1943 ya tsere Suwidin cikin jirgin masunta. Bayan yaƙi ya roƙi Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe su daina ɓoye wa juna ilmin zarra, don kada ya zama sanadin halaka mutane. Ya rasu a Kopenhagen a 1962, yana da shekara 77.