Mungo Park da itatuwan gonarka

Ɗan'uwa manomi, ɗorawar da ke gonarka, a littattafan masana sunanta Parkia. Kaɗanya ma ta daɗe ana kiranta parkii. Duka biyun sunan mutum ɗaya suka ci, wato Mungo Park.

An haife shi a Sikotilan a 1771. Ɗan manomi ne, ya karanci likitanci, kuma tun yana saurayi yake hawa duwatsun ƙasarsu neman tsirrai. A 1795 ya sauka Gambiya da niyyar ganin kogin Kwara. Zazzaɓi ya fara kayar da shi, sannan wani sarki a bakin hamada ya tsare shi wata huɗu. Da ƙyar ya tsere, ya isa kogin a Segu, cikin Mali ta yau, a Yulin 1796.

A hanyar komawa, cikin duwatsu, ga damina ta yi nisa, 'yan fashi suka tuɓe shi. Riga da wando kawai suka bar masa, sai hular da yake ɓoye takardunsa a ciki. Har ya fid da rai, sai ya ga wata 'yar gansakuka ta tsiro tsaf a wurin, ya samu ƙarfin zuciya ya miƙe. Ciwo ya sake riƙe shi watanni a garin Kamaliya. Duk da haka ya koma gida da bayanin kaɗanya da yadda ake fitar da man kaɗe, ya sa a littafinsa na 1799.

Ya dawo a 1805 da Turawa sama da 40, amma 11 kacal suka kai bakin kogi. Kwalekwalensa ya bi ta wannan ruwan namu na ƙasar Bagudo, ya wuce Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a 1806. Wurin yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji.

To, ba shi ya gano itatuwan nan ba. Kakanninmu na cin daddawa tun kafin a haife shi, shi dai rubutawa ya yi. Abin dubawa shi ne, kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma mai gawayi a yini ɗaya zai gama da ita. In kana sharar gona bana ka ga ƙaramar kaɗanya ko ɗorawa ta tsiro, kafa mata turke, ka kauce mata da garma da wuta. A taron ƙungiya kuma, ku tsai da magana kan masu sara.