Langdell: Talakan da Bai Gama Digiri Ba, Amma Ya Sa Digiri Ya Zama Ƙofar Karatun Lauya a Amurka

Jama'a, a nan ƙasar tamu yaro na gama sakandare, in ya ci JAMB da makin da ake so, kai tsaye zai wuce jami'a ya fara karatun lauya. Shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a Makarantar Horon Lauyoyi, sai a ɗora masa hular nan ta gashi da baƙar riga. A Amurka abin ya sha bamban. Can sai ka fara yin digirin farko na shekara huɗu a wani fanni, ko tarihi ne, ko lissafi, ko ma kiɗa, sannan ka nemi gurbi a makarantar lauya, inda za ka ƙara wasu shekaru uku. Iyayen da ke nan Agege ko Sabon Ibadan masu burin tura yaro can ya karanto lauya, wannan ne yakan fara ɗaure musu kai. To, mutumin da ya fi kowa hannu a wannan tsari shi nake son in ba ku tarihinsa yau. Sunansa Christopher Columbus Langdell, kuma abin da ya ja hankalina gare shi shi ne, shi kansa rashin kuɗi ne ya fitar da shi daga jami'a bai kammala digirin farko ba.

An haife shi ranar 22 ga Mayu, 1826, a wani ƙauye da ake kira New Boston a jihar New Hampshire. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne, hannu baka hannu ƙwarya. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan yaro, gidan ya watse, shi kuma ya tashi yana aikin gona a hannun mutane. Da ya yi ƙarfi ya tafi garin Manchester na jihar tasu ya kama aiki a masaƙa, yana tara 'yan kuɗin makaranta. A 1845, yana da shekara 19, ya isa makarantar Phillips Exeter da fatan samun tallafin karatu. Da farko bai samu ba. Bai koma gida ba kuwa, ya zauna yana 'yan aikace-aikace a makarantar don ya riƙe kansa, 'yar'uwarsa tana taimaka masa da abin da ya sawwaƙa, har aka ga ƙwazonsa.

A 1848 ya shiga Kwalejin Harvard yana da shekara 22, ya girme yawancin 'yan ajinsu. Karatu dai ya yi shi, amma bayan kamar shekara ɗaya da rabi aljihu ya bushe, ya tattara nasa ya nasa ya fita. Ya koma Exeter ya zauna a ofishin wasu lauyoyi yana koyon aikin.

Bari in tsaya a nan in yi bayani, don a zamanin haka ake zama lauya a Amurka. Ka samu lauya ka zauna a ofishinsa kamar yaron shago, kana kwafar takardu, kana karanta littattafansa, musamman littafin Blackstone na dokokin Ingila. In ka ga ka nuna sai ka je gaban alƙali ya yi maka 'yan tambayoyi, shi ke nan. Abraham Lincoln, wanda duk zamansa a aji bai wuce shekara ɗaya ba, ko ofishin ma bai zauna ba, aron littattafai ya yi ya karanta da kansa, ya samu lasisin lauya a 1836.

Makarantar lauya ta Harvard kuwa, da Langdell ya shiga a 1851, ba ta tambayar kowa takardar komai. Ka biya kuɗi ka shiga. Babu jarrabawar shiga, babu ta fita. In ka yi wata 18 kana zuwa, digiri ya zama naka, ko ka fahimta ko ba ka fahimta ba. Wannan ƙofa da ke buɗe ita ta ba Langdell dama. Maimakon wata 18 sai ya yi shekara uku, yana aikin kula da ɗakin karatu, yana kuma taya Farfesa Theophilus Parsons haɗa bayanan littafinsa kan dokar yarjejeniya. A lokacin ne wani ɗalibin kwaleji mai suna Charles Eliot ya riƙa ganin sa a ɗakin wani aboki, yana tsaye yana cin burodi da madara a matsayin abincin dare, yana zuba bayanin shari'a. Yaron bai manta da shi ba.

Daga 1854 zuwa 1870 yana birnin Niyu Yok yana aikin lauya. Ba mutumin tsayawa gaban alƙali ya yi ta zuba ba ne, ya fi zama cikin littattafai yana shirya wa manyan lauyoyi hujjojin da za su shiga kotu da su. Kuma zamanin ya zo daidai da lokacin da 'yan siyasar Tammany suka riƙe birnin, wasu alƙalai na sayar da hukunci, wanda ya san wani ya fi wanda ya san doka. Ni a ganina, duk wanda ke son ya gane tsaurin da Langdell ya zo da shi daga baya, to ya dubi waɗannan shekaru 16. Ya ga yadda sana'ar ke lalacewa in babu ma'auni, ya ƙudurta cewa ilimi ne kaɗai ya kamata ya ɗaga lauya.

A 1869 wancan yaro Eliot, wanda ya zama masanin kimiyyar haɗa sinadarai, ya hau kujerar shugaban Jami'ar Harvard yana da shekara 35. Ya nemo Langdell, mutumin da ba a san shi ba a Boston, ya naɗa shi farfesa a farkon 1870, kafin shekarar ta ƙare kuma ya zama shugaban makarantar lauyan. Shekara 25 ya yi a kan kujerar.

Abin da ya fara canzawa shi ne yadda ake koyarwa. Da, malami zai tsaya ya karanto dokoki daga littafi, ɗalibai su haddace. Shi kuwa sai ya tara ainihin hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke, ya buga su littafi guda a 1871 kan dokar yarjejeniya, ya ce kowa ya karanto kafin ya zo aji. In an zauna sai ya kira sunan ɗalibi, ya ce ya faɗi abin da ya haɗa masu ƙarar, da abin da alƙali ya yanke, da dalilinsa, sannan ya tambaye shi ko ya yarda da hukuncin. Kai, ɗalibai suka ce ba su san wannan ba. Sun biya kuɗi a gaya musu doka, ga malami yana tambayar su, har wasu na cewa shi ma bai san amsar ba ne. Aji ya watse, aka bar shi da mutum bakwai ko takwas. Wasu lauyoyin Boston da abin bai yi musu daɗi ba suka mara wa sabuwar makarantar lauya ta Jami'ar Boston baya, wadda aka buɗe a 1872. Cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka tsaya akwai James Barr Ames, wanda aka ɗauka malami a 1873 ba tare da ya yi wani aikin lauya na a zo a gani ba, abin da ya ƙara harzuƙa tsofaffin lauyoyi.

Sai ya juya kan ƙofar shiga da ta fita. Aka kawo jarrabawa a rubuce, wanda ya faɗi ba ya wucewa aji na gaba. Aka mai da karatun shekara biyu, daga baya uku. A 1875 aka sanar cewa wanda ba shi da digirin kwaleji sai ya zauna jarrabawar shiga, ta harshen Latin ko Faransanci, da kuma littafin Blackstone. Makarantar da kuɗin ɗalibai take rayuwa, don haka duk wani sharaɗi da aka ƙara, rage kuɗin shiga ne. Ɗalibai sun ragu a farkon shekarun, surutu ya yi yawa, amma Eliot ya tsaya masa. A hankali manyan ofisoshin lauyoyi suka lura yaran Langdell sun fi iya warware matsala, suka fara rububin su. Kafin ya sauka a 1895 ɗaliban sun kai wajen 400. A 1893 aka yanke shawarar da ya daɗe yana nema, cewa daga 1896 masu digiri daga kwalejojin da Harvard ta amince da su ne za a riƙa ɗauka a matsayin cikakkun ɗalibai, kuma zuwa 1909 ƙofar ta rufe sosai ga mara digiri.

Hujjarsa tana da ƙarfi, ban musa ba. Wanda zai riƙe dukiyar mutane da 'yancinsu, wani lokaci har da ransu, ya kamata ya zo da hankalin da ya nuna, ya iya karatu mai zurfi da rubutu mai ma'ana kafin ya taɓa littafin doka. Amma ku dubi Louis Brandeis. Ya shiga wannan makaranta a 1875 yana ɗan shekara 18, babu digirin kwaleji, ya fita a 1877 da makin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, kuma a 1916 ya zama Bayahude na farko a Kotun Ƙolin Amurka. Da ya makara da shekara talatin da 'yan kai, da ba a ko karɓi takardarsa ba. Haka shi ma Langdell ɗin na 1851. Wallahi wannan wuri yana tsaya mini a rai: mutum ya haye da tsani, ya waiwayo ya janye shi. Masu kare shi za su ce ai cancanta yake nema, ba dukiya ba. Gaskiya ne, sai dai a Amurkan wancan lokaci 'yan tsiraru ne ƙwarai ke iya biyan kuɗin kwaleji na shekara huɗu.

Kuma cancantar tasa tana da iyaka. Jerin kwalejojin da aka amince da su ya bar yawancin na 'yan Katolika a waje, abin da ya jawo doguwar taƙaddama tsakaninsu da Eliot. A 1899 wata mace mai digirinta ta nemi shiga, Langdell na cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Sai a 1950 mata suka fara zama a ajin lauya na Harvard.

Tsarin bai tsaya a Harvard ba. A 1921 Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, bisa shawarar kwamitin da Elihu Root ya jagoranta, ta nemi a wajabta aƙalla shekara biyu ta kwaleji kafin karatun lauya. Waɗanda abin ya fi shafa su ne makarantun dare, inda 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani ke karatu bayan sun taso daga aiki, kuma wasu manyan lauyoyin zamanin ba su ɓoye cewa irin waɗannan yara suke son ragewa ba. Mu da ke zaune a garuruwan da ba na iyayenmu ba, mun san yadda sharaɗin takarda ke iya zama katanga. A hankali shekara biyun ta zama uku, ta zama cikakken digiri. Duk da haka 'yan jihohi kamar California da Vermont da Virginia da Washington har yau suna barin mutum ya koyi aikin a hannun lauya ya zauna jarrabawar lasisi.

Mu Najeriya hanyar Ingila muka bi. Sapara Williams, lauyan farko na ƙasar nan, a Landan aka rantsar da shi a 1879, kuma har zuwa samun 'yanci can ake zuwa a zama lauya, ba lallai sai da digirin jami'a ba. Dokar 1962 ce ta kafa Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ta fara aiki a titin Igbosere a nan Legas a 1963. Shi ya sa lauya a wurinmu digirin farko ne, wanda kuma ya gama shi a nan in zai tafi Amurka yawanci digiri na biyu na shekara ɗaya yake nema.

Shi dai Langdell bai yi aure ba sai a 1880, yana da shekara 54. Idanunsa sun daɗe suna ba shi wahala, har ta kai da ƙyar yake gani, ya rage yi wa ɗalibai tambayoyin da aka san shi da su, ya koma yi musu bayani. Ames ne ya gaje shi a shugabanci, shi kuma ya ci gaba da koyarwa har 1900. Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1906, a Cambridge ta jihar Massachusetts, yana da shekara 80. Babban ginin da makarantar ta buɗe bayan rasuwarsa sunansa aka sa masa, kuma a cikinsa ɗakin karatun makarantar yake har yau.