Herbert Macaulay: Jagoran Siyasar Legas Da Bai Taɓa Tsayawa Takara Ba

An haifi Herbert Macaulay a Legas ranar 14 ga Nuwamba, 1864. Jika ne ga Bishop Ajayi Crowther ta wajen uwa. Ya karanci aikin injiniya a Ingila, ya dawo ya kama aikin safiyo da gwamnatin Turawa, amma ya ajiye a 1898 ya koma sukar mulkinsu.

A 1913 kotu ta same shi da laifin taɓa dukiyar gadon da aka damƙa masa amana, ta yanke masa ɗaurin shekara biyu. Magoya bayansa sun ce bi-ta-da-ƙulli ne. Ko ma mene ne, wannan hukunci ya haramta masa tsayawa takara.

Duk da haka bai karaya ba. Shi ya raka Cif Amodu Tijani Landan kan ƙarar filayen Apapa da gwamnati ta ƙwace, suka yi nasara a 1921. A 1923 ya kafa jam'iyyar NNDP, wadda ta lashe kujerun Legas uku na majalisar dokoki a 1923 da 1928 da 1933. A 1928 aka sake ɗaure shi wata shida saboda wata jita-jita da jaridarsa ta buga.

A 1944 ya zama shugaban NCNC, Azikiwe na sakatare. Ciwo ya kama shi a Kano yana rangadi, aka mai da shi Legas inda ya rasu ranar 7 ga Mayu, 1946. Daga baya aka sa hotonsa a takardar naira ɗaya.