Tarihin William Hewson, Likitan Da Ya Gano Abin Da Ke Daskarewa A Cikin Jini

Kowa ya sani in mutum ya yanke, jini ya kan zuba na ɗan lokaci, sa'an nan ya daskare ya toshe bakin raunin. Da ba don haka ba, da ɗan ƙaramin rauni ya isa ya kai mutum kushewa. Amma in aka tambayi mai karatu mene ne ainihin abin da ke daskarewa a cikin jinin, sai a ga magana ta yi wuya. Haka ta yi wa likitocin Turai wuya shekaru aru-aru, har aka sami wani saurayi, William Hewson, wanda ya warware ta da cokali, da gishiri, da 'yan kwanoni. Tarihinsa mu ke so mu kawo muku yau.

An haifi Hewson ran 14 ga watan Nuwamba, 1739, a Hexham, wani ƙaramin gari a arewacin Ingila. Ubansa likita ne mai haɗa magani. Da ya gama makarantar garinsu aka kai shi Newcastle, ya koyi aikin fiɗa wurin wani likita, Richard Lambert. A 1759 ya tafi Landan, ya sauka gidan John Hunter, yana ɗaukar karatu wurin wan maigidan, watau William Hunter. Waɗannan 'yan'uwa biyu mutanen Sikotilan ne, su ne kuwa manyan malaman sanin ƙirar jikin ɗan Adam a Landan a zamanin nan. Sa'ad da John ya bi soja ya zama likitansu, Hewson ya riƙa lura da ɗalibai a madadinsa. Ya yi hunturu guda yana ƙaro ilmi a Edinburgh, ya komo a 1762, William Hunter ya ɗauke shi abokin tarayya a makarantarsa.

Sunansa ya fara fita ne a kan wasu siraran hanyoyi da ke ɗauke da farin ruwa a cikin jiki, masu bi ta kaluluwa. Ya nuna tsuntsaye da kifi da kunkuru su ma suna da su. Saboda wannan Ƙungiyar Masana ta Sarki a Landan ta ba shi lambar Copley a 1769, ta kuma shigar da shi cikinta a 1770.

Babban aikinsa dai a kan jini ne. A zamanin nan likitocin Turai sun yi imani da tsaga ƙwarai, kusan kowace cuta sai a buɗe jijiya a tari jini a kwano. Saboda haka kullum suna kallon jini yana daskarewa, kowa kuwa da nasa dalilin. Waɗansu sun ce don ya huce ne, waɗansu sun ce don ya daina gudu ne, waɗansu kuma sun ce jajayen ƙwayoyin jini ne ke manne wa juna. Hewson ya ɗauki maganganun nan ɗaya bayan ɗaya ya gwada. Ya ɗaure jijiyar dabba a wuri biyu, ya tsare jini a tsakani, ya ga ya daɗe ƙwarai bai daskare ba, ko da ya ke ba ya gudu. Ya sa irin wannan jijiya cikin sanyi har jinin ya zama ƙanƙara, ya narkar da shi, ya tarar ya koma ruwa, sai daga baya ya daskare. Ashe sanyi jinkirta daskarewa ya ke yi.

Sa'an nan ya dubi wani abin da likitoci suka daɗe suna gani. Jinin mai zazzaɓi mai tsanani, in ya daskare a kwano, ya kan yi wani ɓawo fari-fari a sama. Hewson ya tsaya kan kwanon ya zuba ido. Ya ga jajayen ƙwayoyin sun riga sun nutse ƙasa tun jinin bai daskare ba, sun bar ruwa garau a bisa. Ya sa cokali ya kwashe ruwan nan ya zuba a wani mazubi dabam, ba ja ko kaɗan a cikinsa, sai ga shi ya daskare shi kaɗai. Don ya ƙara tabbatarwa, ya zuba wani irin gishirin magani cikin sabon jini, jinin ya ƙi daskarewa, ƙwayoyin suka kwanta, ya tsiyaye ruwan, ya sirka shi da ruwan sha, nan da nan ya daskare. Magana ta fito fili ke nan: abin da ke daskarewa narke ya ke cikin ruwan jini, jajayen ƙwayoyi kuwa kama su kawai a ke yi, kamar kifi a cikin taru. Ya buga wannan a littafinsa na binciken halayen jini a 1771. Bayan shekara biyu ya kuma nuna jajayen ƙwayoyin nan fai-fai su ke kamar kwabo, alhali da an ɗauka dunƙulallu ne.

A wuri ɗaya ya kauce. Ya ɗauka iska ce babbar mai tayar da daskarewa. Yau an sani wani sinadari ne na naman da ke kewaye da jijiya, wanda jini ba ya gamuwa da shi sai an yi rauni. A ganinmu wannan bai rage masa daraja ba, gama da irin kayan aikin da ke hannunsa ba yadda zai yi ya gan shi.

Abin nan da ya kwasa da cokali shi a ke kira fibirinojin, sunan da Rudolf Virchow na Jamus ya raɗa a 1847. Furotin ne, hanta ke yin sa, a kan sami giram 2 zuwa 4 a kowace lita ta ruwan jini. A 1959 masana biyu a Amurka, Hall da Slayter, suka ga siffarsa da madubin lantarki: kamar 'yar sanda mai ƙulli uku, ƙarami a tsakiya, manya biyu a bakuna. In an jera miliyan ɗaya baki da baki ba su kai inci 2 ba. Kowace sanda da zare shida aka tufka ta, iri uku, biyu-biyu. In an yi rauni sai wani sinadari, turombin, wanda Alexander Schmidt ya bayyana a 1872, ya datse 'yan guntaye huɗu daga ƙullin tsakiya. Wuraren da aka datse su zama kamar maɓallai, su shige ramukan da ke ƙullin bakin maƙwabta. Haka sanduna za su yi ta hawan juna kamar jerin tubali, har su zama dogayen zaruruwa da a ke kira fibirin. Sa'an nan wani sinadari kuma ya zo ya ɗaure su tamau. Tarun ke nan.

Jiki kuwa da ya saƙa tarun, shi ke warware shi in rauni ya warke. John Hunter ma ya lura jinin wanda ya yi mutuwar farat ɗaya wani lokaci ya kan zauna ruwa. Dalilin shi ne akwai wani furotin a kwance cikin jini, filasminojin, wanda ke maƙalewa jikin fibirin. Bangon jijiya ya kan saki abin da ke farkar da shi, ya zama filasmin, ya yi ta yanka zaruruwan tsakanin ƙulli da ƙulli. Guntayen da ke fita, musamman ƙulli biyu da suka rage a ɗaure, su likitoci ke aunawa yau in suna zaton gudan jini ya toshe jijiya. A 1933 William Tillett, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya ga wata ƙwayar cuta tana narkar da gudan jini. Daga nan aka sami maganin da wani babban gwaji a Italiya ya nuna, a 1986, yana rage mutuwar waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe.

To, mu koma ga Hewson. A 1770 ya auri Mary Stevenson, 'yar matar da Benjamin Franklin, shahararren masanin nan na Amurka, ya ke haya a gidanta a titin Craven. Auren nan bai yi wa William Hunter daɗi ba, shi da bai taɓa aure ba, ya kuma saba abokin aikinsa yana kwana a makaranta. Rigima ta tashi a kan wa ke da kayan koyarwar da Hewson ya shirya da hannunsa, har sai da Franklin ya shiga tsakani. Suka rabu, Hewson ya buɗe tasa makaranta a titin Craven a watan Satumba, 1772, ɗalibai suka yi ta zuwa.

Bai cika shekara biyu a nan ba. Yana cikin feɗe wata gawa ya yanke, cuta ta shiga jininsa, zazzaɓi ya kama shi. Ya rasu ran 1 ga watan Mayu, 1774, yana da shekara 34. Ya bar 'ya'ya maza biyu, da matarsa da cikin 'ya mace. Abokin aikinsa Magnus Falconar ya tattara sauran bincikensa ya buga a 1777. Matar ta ƙaura da yaran zuwa Filadalfiya a 1786, ɗansa Thomas ya zama babban likita a can.

A 1998, sa'ad da a ke gyaran gida mai lamba 36 a titin Craven don a mai da shi gidan tarihin Franklin, ma'aikata suka tono rami mai ƙasusuwa fiye da 1,200, na manya da na yara, waɗansu da alamar zarto a jiki. Da aka bincika aka gane na makarantar Hewson ne. Doka a zamaninsa ba ta yarda a feɗe gawa ba sai ta mai kisan kai da aka rataye, saboda haka malaman fiɗa wurin masu tonon kabari su kan saya, in sun gama kuma su binne ragowar a bayan gida.