Tunawa da Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001)

An haifi Hajaratu Gambo a shekarar 1933, ta kuma tashi a Zariya. Tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, har ta zama shugabar mata. Ta yaƙi auren dole, ta nemi a sa 'ya'ya mata makaranta, a kuma ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a. A kan haka aka ɗaure ta sau 16, amma ba ta ja da baya ba. Sai a 1976 haƙarta ta cim ma ruwa. Ta rasu a 2001.

'Yan uwa mazauna birane, duk macen da ta hau layin zaɓe a Jega, Aliero ko Maiyama, gumin wannan baiwar Allah take ci. Allah Ya jiƙanta da rahama, amin.