Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Kusan shekara 300 da suka wuce, an yi wani malami Bafulatani a ƙasar Katsina, sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Larabawa suna kiransa al-Kashinawi, wato Bakatsine. A zamaninsa Katsina babban birni ne na kasuwanci da ilimi. Fatake suna shigowa da raƙuma daga hamada, ɗauke da gishiri da tufafi da takarda. Ɗalibai kuwa suna zuwa daga nesa don neman karatu.

Muhammadu ya yi karatu gaban manyan malamai. Cikinsu akwai Malam Muhammadu Alwali da Malam Muhammadu Bindu. Ya koyi fiƙihu da nahawu. A wajen Malam Bindu ne ya koyi hisabi, da sanin lokuta ta hanyar rana da taurari, da ilimin hatimi.

A makarantun da ya yi karatu, haddace abu ya fi rubuta shi sauƙi, domin takarda tana da tsada. Amma lamba mai tsawo tana da wuyar riƙewa a kai. Saboda haka malamai suke amfani da wata dabara da ake kira abajada. A cikinta kowane baƙi na Larabci yana da lambarsa. Alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4, ha kuri 5, wau 6, zaira 7, ha ƙarami 8, ɗa mai hannu 9. Haka abin yake tafiya, goma-goma, ɗari-ɗari, har a kai shin, wanda malaman ƙasarmu suke ƙirga shi 1000. Wasali ba ya shiga lissafi. In an haɗa baƙaƙe, sai lamba ta zama kalma, kalma kuwa ba ta saurin ɓacewa daga kai. Da wannan dabara marubuta waƙoƙin ajami suke sa shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda. Ita ce ake ce wa ramzi.

Hatimi kuma zane ne mai kusurwa huɗu, wanda aka raba gida-gida. Ana sa lamba a kowane gida, ba a maimaita ko ɗaya. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida 9:

2  9  4
7  5  3
6  1  8

A tara lambobin a kwance, 15 za a samu. A tara su a tsaye, 15. A tara su daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 ɗin dai. Ɗalibi ba ya wahalar haddace lambobi 9. Kalma 3 kawai yake riƙewa: baɗad, zahaj, wah. Baƙaƙensu su ne lambobin, a jere.

Da Malam Muhammadu ya ƙoshi da karatun gida, sai ya ɗaura niyyar aikin hajji, wajen shekara ta 1730. A lokacin nan babu mota, babu jirgin sama. Tafiya ce ta watanni a ƙasa da bisa raƙumi, ga ƙishirwa, ga ƴan fashi. Mutane da yawa ba sa komowa. Allah ya kai shi lafiya, ya sauke farali. Daga baya ya wuce Masar, ya zauna a birnin Alƙahira.

A shekara ta 1732 ya rubuta littafinsa mai suna Bahjatul Afaƙ, a kan baƙaƙe da hatimai. Ya bayyana hanyoyin gina hatimin da gidajen gefensa mara ne, wato 3 ko 5 ko 7, har gaba. Irin wannan hatimi yana da sirri mai sauƙi. A ɗauki lambar da take tsakiyar jerin, a ninka ta sau yawan gidajen gefe, sai jimla ta fito. Daga 1 zuwa 9, ta tsakiya 5 ce: 5 sau 3, 15 ke nan. Daga 1 zuwa 25, ta tsakiya 13 ce: 13 sau 5, 65 ke nan.

Ya kuma rubuta littafi a kan taurari, sunansa Durrul Manzum. Malaman wancan zamani suna bin tafiyar wata cikin masaukai 28 a sararin sama. Da su ake gane shigowar damina da ta ɗari. Sun kuma haɗa wannan lissafi da duba, suna ganin taurari na nuna abin da zai faru ga mutum. Masana kimiyya na baya sun ajiye duba, suka riƙe awo da lissafi. Sun auna, sun ga tsakanin duniya da wata akwai wajen kilomita dubu 384. Tsakaninta da rana kuwa wajen kilomita miliyan 150 ne, kuma hasken rana yana yin minti 8 da ɗoriya kafin ya iso mana.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, babban malamin lissafi da taurari. Mai gida ya girmama baƙonsa, har ya ɗauki karatun hatimi a wurinsa. Bahaushe ya ce ilimi gishirin zaman duniya. Ga mutumin Katsina, nesa da gida, malaman Masar suna zama gabansa.

Malam Muhammadu bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a gidan al-Jabarti a shekara ta 1741, wato 1154 ta Hijira, shekara 13 kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya zama shahararren marubucin tarihi, ya sa labarin Bakatsine a littafinsa. Ta haka sunansa bai ɓace ba. Allah ya jiƙansa.

Baƙaƙen da ya yi lissafi da su suna nan a kan allunan yara, daga Katsina da Maraɗi har unguwannin Ajame da Tireshbil a birnin Abijan. Mai son riƙe shekarar rasuwarsa, sai ya haɗa shin 1000, ƙaf 100, nun 50, dal 4. Kalmar da za ta fito ita ce shaƙanada.

Tambayoyi
1. A wajen wa Malam Muhammadu ya koyi hisabi?
2. Mene ne ramzi?
3. Don me sunansa bai ɓace ba?

Aiki
1. Zana hatimi mai gida 9 a kan allonka, ba tare da duba littafi ba.
2. Hatimi mai lambobi daga 1 zuwa 49, nawa ce jimlarsa?
3. Sin 300 ne, fa 80. Wace kalma za ta tuna maka nisan wata?